Timoti Mai Gwanjo da Kabad ɗin Ike Kafinta

Duk wanda ya zauna a Gombe a shekarun da Turawa ke tattara komatsansu ya san Timoti mai gwanjo. In bai san fuskarsa ba ya san ƙararrawarsa, don in ya kaɗa ta a Sabon Layi har Shamaki ana ji. Batangale ne ɗan Biliri, gajere, mai faɗin ƙirji, ga murya kamar ta mutum biyu. Ya shigo Gombe yana saurayi ya kama dako a kamfanin gurzar auduga, kuma gaskiya ba wani buhun kirki ya ɗauka ba, surutun ya fi yawa. Baturen da ke kula da sito ya ga asarar muryar nan ake yi, ranar da za a sayar da tsofaffin tebura da kujerun ofis sai ya miƙa masa ƙararrawa da 'yar guduma, ya koya masa ƙirga ɗaya, biyu, uku. Iyakar karatun sana'ar ke nan. Daga ranar bai sake ɗora buhu a ka ba.

Ya kuwa faɗo a kan gaɓa. An sami 'yancin kai, Turawa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma Bature ba ya shiga jirgi da gado. Gadon ƙarfe ne, fitila mai famfo ce, firji mai cin kananzir ne, duk sai a zube su a gindin bishiya a kira Timoti. Abin da mutanen gari suka raina ya loda a mota ya bi kasuwannin ƙauye da shi, yau Kumo, gobe Deba, jibi Bajoga. Shi ya sayar wa wani mai unguwa bahon wankan Bature, mutumin ya kai gida aka yi ta jiƙa dawa a ciki, kuma bai taɓa cewa an cuce shi ba.

Akwai dai abu guda da Baturen sito bai koya masa ba, wajen dillalan kasuwa ya ɗauko shi. A kasuwa ciniki ba ya faɗawa sai mai kaya ya buɗe bakinsa ya ce ya sallama. In tayin bai yi masa ba ya ce albarka, a ci gaba. To Timoti ya haɗa biyun. In tayi ya tsaya sai ya ɗaga guduma ya ce ɗaya, ya ce biyu, sannan ya juya hannun dama inda yake tsayar da mai kaya. Sai ya ji "na sallama" da kunnensa zai ce uku ya buga. An yi wani injiniya Bature da motar da za ta kai shi Jos ke jiransa a kunne, ya ce a sayar da komai ko nawa ne, shi ya yarda. Timoti ya ce ba haka ake yi ba. Ya tsayar da bawan Allahn nan a rana, kaya talatin da bakwai har da abin buɗe gwangwani, kowanne sai da ya sallama da bakinsa. Kafin la'asar ya yi Hausar da bai yi ba a shekara takwas.

Kayan gwanjo ba sa rasa karyayyar ƙafa, kuma mai ɗora su shi ne Ikechukwu kafinta, wanda duk gari ke kira Ike. Ibo ne, dogo, marar son magana, gidajen hayarsu katanga ɗaya ta raba. Kullum suna cikin musu. Timoti ya ce kujera sabuwa ce fil, Ike daga bayan taro ya ce ƙafar baya shi ya manne ta jiya. Timoti ya yi ta masifa, da yamma kuma ka gan su a kan benci ɗaya suna cin gyaɗa. Matansu ma haka, Hilda ta Timoti da Nwakaego ta Ike, turmi ɗaya suke daka.

Ike ya yi wa matarsa wani kabad na katakon maɗaci, mai ƙofa biyu da madubi tsawon mutum. Wata huɗu ya yi yana aikinsa a cikin ɗakin kwanansu, ya auna komai da komai, ƙofar ɗakin kaɗai ya manta. Da aka gama aka ga ba ta inda zai fita. Timoti ya yi dariya har da zama a ƙasa. Ike ya ce to da ma ina za shi?

Sai shekarar 1966 ta zo da fitinarta. Gari ya rikice, Ibo suka shiga barin Arewa, kowa da abin da hannunsa zai iya ɗauka. Kwana biyu Timoti ya ɓoye Ike da matarsa da 'ya'yansu uku a ɗakin ajiyarsa, a bayan tulin kujeru, a rana ta uku ya raka su tashar jirgin ƙasa. Jirgi ya fara motsi Ike ya leƙo ta taga. Timoti ya zaci wata babbar magana zai yi.

"Timoti, kabad ɗin nan," in ji shi. "Kada ka bari ruwa ya taɓa shi. Ina dawowa."

Kafin mako ya zagayo marasa tsoron Allah sun yashe ɗakin Ike, ko tsintsiya ba su bari ba. Kabad ne kawai ya tsira, shi ma ƙofa ce ta hana.

Bayan wata uku mai gidan hayar, Malam Joda, ya zo wurin Timoti. Ba mugun mutum ba ne, ɗakinsa yake so, ƙaninsa zai tare. Ya ce a yi gwanjon kabad ɗin a ajiye wa mai shi kuɗinsa. Kowa ya ce shawara ta yi, Timoti ma ya ce ta yi. Aka cire ƙofa da katakonta, aka fasa bango kamar taki ɗaya, ƙarti shida suka fito da shi suna nishi. Timoti ya zaga da ƙararrawa, jama'a suka taru, don duk unguwa an ji labarin kabad ɗin amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa.

Tayi ya hau, ya hau, har ya tsaya a kan Alhaji Bamanga, wani Bafulatani falken shanu da ke zaune a Shamaki, siriri mai dogon wuya, wanda ba ya taya abu ya janye. Fam goma sha biyu. Timoti ya ɗaga guduma.

"Fam sha biyu, ɗaya! Fam sha biyu, biyu!"

Ya juya dama kamar yadda ya saba. Ba kowa a wurin, sai wata akuya tana cin ɓawon rake.

Malam Joda ya yi gyaran murya ya ce, "Na sallama."

"Naka ne, Malam?"

"Ɗakina ne."

"Ɗakin ba ya cikin gwanjo."

Mutane suka yi dariya, Timoti bai yi ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko a kwana biyun nan na ɓoyo. Ya ga cewa in ya ce uku ba mai kaya a wurin, to ya yarda ke nan da bakinsa, a gaban jama'a, cewa Ike ba zai dawo ba. Ya sauke gudumar a hankali ya sa a aljihu.

"Ciniki yana nan a biyu," ya ce. "Tayin Alhaji Bamanga ne a sama. Mai kaya ya yi tafiya, in ya dawo za mu ji ta bakinsa."

Bamanga ya ce, "Yaushe zai dawo?"

"Bai faɗi rana ba."

"To, ina jira," in ji Bamanga, ya gyara hularsa ya tafi.

Ranar aka cire ƙofar Timoti ita ma, aka fasa nasa bangon, kabad ya shiga. Ciki da falo ne gidan, da 'ya'ya biyar, Jesse ne babbansu. Kabad ya cinye rabin uwar ɗaka, ta yadda in Hilda za ta wuce sai ta karkace. Ta ce to tunda ya zo, bari ta jera kwanukanta a ciki. Timoti ya ce faufau, kayan da ke kan ciniki ba a amfani da su. Ta ce ko zannuwa? Ya ce ko allura. Damina ta zo rufin ya fara yoyo ta kusurwar gabas, Timoti ya duba sama, ya duba ƙasa, ya tura kabad ɓangaren da ba ya zuba, ya jawo gadonsu ƙarƙashin yoyon.

"Baban Jesse," in ji Hilda, ruwa na ɗiga mata a ƙafa, "ni da kabad ɗin nan, wa ka biya wa sadaki?"

"Ke kya bushe, Maman Jesse. Maɗaci in ya kumbura ya tafi ke nan."

Kwana uku sai dai ta dangwara masa tuwo ta wuce.

Bamanga kuwa da ya ce yana jira ba da wasa yake ba. Duk Jumma'a in an sauko masallaci sai ya biyo ta Sabon Layi. Ya yi sallama, a gaisa, ya tambayi iyali.

"Malam Timoti, mai kaya ya dawo?"

"Tukuna, Alhaji."

"To madalla."

Sai ya shiga ya shafa ƙofar kabad ɗin, ya duba ko gara ta taɓa, ya tsaya gaban madubi ya gyara zaman hularsa, ya fito a kawo masa kunu. Wani lokaci har da baƙi yake zuwa, abokan fatauci daga Dukku ko Mubi, ya jera su a ƙofar ɗakin matar mutane ya ce, "Kun ga kabad ɗina. Uku kawai ya rage." A gidansa an ce akwai bango guda da ya hana a jingina komai, ko buhun gero. Hilda ta gaji da fushi ta koma ajiye masa kofinsa daban.

Aka yi yaƙin basasa aka gama. Daga 1970 Ibo suka fara dawowa Gombe, wasu suka tarar da shagunansu, wasu suka fara daga tushe. Timoti ya mayar da tashar jirgi wurin zuwansa, duk wanda ya sauko da akwatin kwano sai ya tare shi: ko ka san Ikechukwu kafinta, dogo, na Sabon Layi? Wani ya ce kamar ya gan shi a Aba. Wani ya ce ai Ikechukwu suna da yawa. Wasu su dube shi kawai su girgiza kai. Timoti ya riƙe maganar na Aba, ya watsar da sauran. Da mutumin ya ce shi fa bai tabbata ba, Timoti ya ce ba komai, shi ya tabbata.

Sau ɗaya tak Hilda ta taɓo zancen. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Baban Jesse, mai rai ai da ya aiko da wasiƙa." Ya tashi ya ɗauki ƙararrawarsa ya fita, alhali ba gwanjo ranar. Ba ta sake ba. Ita ma tana kewar Nwakaego, kuma tun daga ranar ita ke goge madubin da kanta.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Fam ya koma naira, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, gari ya haukace da saye-saye. Kowane akawu sai ya yi kujerun kushin da kabad na fomika mai walƙiya, wanda in ka jingina da shi sai ya yi ƙara. Tsofaffin kayan katako aka dinga turo wa Timoti su kamar ana zubar da shara, shi kuma ya kwasa ya kai Pantami da ƙauyukan bayanta, inda har yanzu ake ƙwanƙwasa tebur a ji nauyinsa kafin a taya. Ya samu, ba laifi, har ya sake rufin kwano. Amma kabad irin na Ike ya zama tsohon yayi, ko kyauta ka ba ɗan boko sai ya ce ba shi da wuri.

Timoti ya ga bai kyautu ya ci gaba da ɗaure mutum ba. Wata Jumma'a ya ce, "Alhaji, in kana so ka janye tayinka, ba wanda zai ga laifinka. Ga na zamani nan cike da kanti."

Bamanga ya ajiye kofi. "A gaban jama'a na taya. Kai ka gaji ne?"

"Ni ban gaji ba."

"To zuba min kunu."

A kakar 1975, wata Jumma'a, Timoti da Bamanga suna zaune a tsakar gida, sai wata mata ta yi gafara a bakin ƙofa. Ramammiya ce, furfura ta fito mata ta gefen ɗankwali, da jakar hannu a hammata. Hilda ta fito daga madafa da ludayi, ta tsaya, ta saki ludayin ta kurma ihu. Nwakaego ce. Suka rungume juna suna kuka suna dariya, kowace tana cewa ɗayar ta tsufa. Ta ce fataucin wake take yi yanzu daga Anacha, motarsu na lodi a kasuwa, ta ce ba za ta bar garin nan ba ta ga ko suna nan ba.

Timoti ya miƙe ya gaishe ta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, amma idonsa yana kan ƙofa. Yana jiran dogon mutum ya sunkuyo ya shigo, don ya san halinsa, sai ya tsaya duba katakon ƙofar mutane kafin ya yi sallama. Ba wanda ya shigo.

Hilda ta ja ta ɗaki ta huta. Nwakaego ta ɗaga labule, ta ga kanta a madubi tun daga kai har ƙafa, sai ta zauna a ƙasa a nan bakin ƙofa. Ba ta san kabad ɗin yana duniya ba.

"Maman Onyeka," in ji Timoti daga bayanta, "ina mai kaya?"

Hausarta ta yi tsatsa, a hankali take haɗa kalmomin. "Bai kai gida ba, Baban Jesse. A rana ta biyu jirgi ya tsaya a wata tasha, yara suna kukan ƙishirwa. Ya sauka da buta. Jirgi ya tashi bai hau ba. Daga baya wani da ya ga abin da ya faru ya zo ya faɗa mini." Ta share fuska da bakin zane. "Ko kabarinsa ban sani ba. Ba a yi masa komai ba, ko zaman makoki. Gudu muke yi."

Timoti ya tsaya yana lissafi a ransa. Rana ta biyu. Wato ranar da ya juya dama ya ga akuya, Ike ya yi wata uku ba ya duniya. Baƙin ciki ya taso masa, ya rasa inda zai sa shi, sai ya ce, "Ruwa bai taɓa shi ba."

"Na gani," in ji ta.

Ya ce ta ɗauki abinta, za a san yadda za a yi da motar wake. Ta ce a'a. Ɗaki ɗaya take da shi a Anacha, kuma ko goma take da su ba za ta iya kwana da kabad ɗin nan ba. Hilda ta ba ta labarin Alhaji da tayinsa. Nwakaego ta dubi Bamanga, wanda ya cire hula yana jujjuya ta a hannu, ta ce to a ba shi mana.

"Ba haka ake yi ba," in ji Timoti.

Ya shiga ya ɗauko ƙararrawa da guduma. Hilda ta ce, "Mu huɗu ne fa." Ya kaɗa duk da haka. Ya tsayar da Nwakaego a damansa, Bamanga a gabansa.

"Kabad na maɗaci, aikin Ikechukwu kafinta. Fam sha biyu, ɗaya."

"Naira ashirin da huɗu ake cewa yanzu," in ji Bamanga a hankali.

"Da fam ka taya. Fam sha biyu, biyu."

Ya juya. Nwakaego ta ce, "Na sallama."

Guduma tana sama, ta ƙi saukowa. Kaza ta ratsa tsakaninsu ta wuce. Hilda, wadda ta shekara tara tana roƙon Allah ya raba ta da katakon nan, ta juya baya tana kuka.

"Faɗa, Baban Jesse," in ji Nwakaego. "Ni ma na gaji da tsayuwa."

Ya ce uku, ya buga a kan turmi, don ba tebur a kusa.

Aka kira masu tura kura, aka cire ƙofa, aka sake fasa bango, aka fito da kabad aka kwantar da shi a kan kurar. Hilda ta ɗauko farin zanen gado ta lulluɓe shi saboda madubi. Timoti ya ce wa masu turawa duk wanda ya faɗa rami da shi sai sun haɗu, saboda haka tafiya suke kamar masu tausayin ƙasa. Shi da Bamanga suna biye, matan biyu a bayansu, Nwakaego tana ta share ido.

To ka san mutanen gari. Sun ga dogon akwati kwance an rufe da farin ƙyalle, ana tafiya a hankali, ga mace tana kuka. Tela ya tsayar da kekensa. Mai shayi ya kashe rediyo. Masu dara a gindin dalbejiya suka miƙe tsaye. Wani dattijo a kan keke ya sauka ya matso.

"Timoti, wa aka rasa?"

Bamanga ya buɗe baki zai yi bayani, Timoti ya riga shi.

"Ike kafinta."

"Assha! Ike dogo? Shi ya yi mini ƙofar zaure, har yau tana nan. Yaushe?"

"An ɗan jima."

"Allahu akbar. Allah ya ba ku haƙuri."

Ya juya kekensa ya bi bayansu yana turawa. Tela ya rufe shago ya biyo. Wasu Ibo masu kayan gyaran mota suka ji sunan suka fito, wani malamin makaranta ɗan Kaltungo ya shiga layi, da waɗanda suka san Ike, da waɗanda suka ga dai ana tafiya. Kafin a kai Shamaki sun fi mutum arba'in. Wasu sun yi mamakin abin da ya kawo gawar Kirista ƙofar gidan Alhaji, amma ba wanda ya ga dacewar tambaya.

Bamanga ya dubi taron, ya dubi Timoti. Ya sa aka shige da kurar cikin zaure yadda take a lulluɓe, ya aika a fito da tabarmi da ruwan sha, ya ce a kai matan cikin gida wurin iyalinsa. Can ciki aka ji matan unguwa sun fara shigowa yi wa Nwakaego gaisuwar mijinta.

A waje jama'a suka zazzauna, aka rasa wanda za a fuskanta, sai aka fuskanci Timoti. Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa su durƙusa su ba shi hannu, su ce ya haƙuri, shi kuma ya ce da godiya. Wani baƙo da bai san kowa ba ya tambaye shi ko ɗan'uwansa ne mamacin. Timoti ya ce e, ya matsa ya ba shi wuri a tabarma.